Gwano Ba Ya Jin Warin Jikinsa: Martani Ga Injiniyan Da Ya Ce Gwajin Shafi Ɓata Lokaci Ne

Sau biyu na karanta maƙalar da Injiniya ya rubuta a fitowar wannan mujalla da ta gabata. Karatun farko a tsaye na yi shi, ina jiran mai shayi ya soya min ƙwai. Na biyu kuwa sai da na koma gida na zauna da biro a hannu, domin na ga maganar ba ta tsaye ba ce. Injiniya mutum ne da nake ganin girmansa. Yana gina shafukan intanet tun zamanin da sai mutum ya je kafe ya sayi awa guda kafin ya duba saƙonsa, kuma yaran da suka koyi sana'ar a hannunsa ba su ƙirguwa. Don haka abin da zan faɗa ba raini ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga wanda bai ga maƙalar ba, ga abin da ta ƙunsa. Injiniya ya ce wannan yayi da ya shigo sana'arsu, na cewa sai an zana samfurin shafi tukuna, an kai wa mutanen gari sun taɓa, an ga inda suka yi tuntuɓe, sannan a gina na gaske, ba komai ba ne illa almubazzaranci irin na kamfanonin Amurka da Turai da kuɗi ya yi wa yawa. Mu nan, in ji shi, kwangilar ƙarama ce, mai aikin kuma jiya-jiya yake son kayansa. Ya ce mai amfani da shafi bai san abin da yake so ba, gwani ne ya sani, ya kuma jawo Henry Ford da Steve Jobs su ba shi shaida. Ya rufe da cewa mutanenmu ba dolaye ba ne: tsohuwar da ta iya WhatsApp ba tare da an sa ta a aji ba, za ta iya kowane shafi idan ta matsu.

Bari mu fara sallamar masu shaidar, domin babu wanda zai yi masa rana a cikinsu.

Maganar da ake jingina wa Ford, wai da ya tambayi mutane abin da suke so da doki mai sauri za su ce masa, ta yi yawo a duniya har ta gaji. Waɗanda suka bi diddiginta ba su same ta a rubuce-rubucensa ko hirarrakinsa ba. Sai shekaru masu yawa bayan mutuwarsa a 1947 ta fara fitowa da sunansa. Amma mu ɗauka ya faɗa. Me ya biyo baya? Motarsa Model T ta fito a 1908, ta yi kasuwar da ba a taɓa gani ba, har aka sayar da fiye da miliyan 15. Shekara da shekaru baƙin fenti kawai ake shafa mata. Da tafiya ta yi nisa mutane suka soma neman launi, da mota mai daɗin zama, da damar saye a biya kaɗan-kaɗan. Ford ya toshe kunne, ai shi gwani ne. Kamfanin General Motors a ƙarƙashin Alfred Sloan ya ba su abin da suke nema. A 1927 dole ta sa Ford ya daina ƙera Model T, ya rufe masana'antunsa na watanni don ya sake shiri, kuma a wannan shekara Chevrolet, motar General Motors, ta wuce shi a ciniki. Ni da ni ne Injiniya, da ban gayyato wannan mutum kotu ba.

Shi kuwa Jobs, gaskiya ne a 1998 ya faɗi magana mai kama da haka, cewa sau da yawa mutane ba sa sanin abin da suke so sai an nuna musu. To ai nunawar ita ce maganar da muke yi! Samfurin gwaji ba wani abu ba ne sai nunawa. Kuma a gidan Apple ɗin ma haka ake yi tun farko. Lokacin da suke gina kwamfutar Lisa, wadda ta fito a 1983, ma'aikacinsu Larry Tesler yakan kawo mutanen da ba su taɓa ganin na'urar ba ya zaunar da su a gabanta, ya zuba ido. Abin da ya ba su wahala da rana, abokin aikinsa Bill Atkinson ya kwana yana sauya shi, da safe a sake kawo wani. Maɓallin nan da duniya ta sani yau da OK, a lokacin Do It aka rubuta a kansa, wato aikata. Sai aka lura wasu suna kauce masa su danna na sokewa. Wani har ransa ya ɓaci, da aka tambaye shi dalili ya ce don me na'ura za ta zage shi. Ashe yadda haruffan suka matsu da juna, shi Dolt yake karantawa, kalmar da a Turanci take nufin dolo. Injiniyoyin da suka rubuta ta sun kalle ta sau dubu, ba wanda ya ga zagi a ciki, saboda sun riga sun san abin da suka rubuta. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ba rashin basira ba ne. Wanda ya gina abu ba shi da sauran hanyar komawa ya zama baƙo a cikinsa.

Nan ne Injiniya ya cakuɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Tambayar mutum me yake so daban, zuba masa ido ka ga me yake yi daban. A kan na farko ina tare da shi, balle a wurinmu inda kara ta yi yawa. Ka nuna wa Bahaushe aikinka ka ce, “Yaya ka gani?” Zai ce, “Ma sha Allah, ya yi kyau, Allah ya ƙara basira,” ko da bai gane ko harafi ɗaya ba. Idan dattijo ne kuma kai yaro, ba zai so ka ga gazawarsa ba. Idan kai ne babba, kunya ba za ta bar shi ya kushe maka ba. Shi ya sa masu wannan aiki ba ra'ayi suke tambaya ba. Aiki suke bayarwa: “Baba, ga waya, a ce yau ce ranar ƙarshe ta biyan kuɗin makarantar Auta, a biya mu gani.” Daga nan sai ka kama bakinka. Kama bakin nan shi ne mafi wuya a duk sana'ar, domin za ka ga yatsarsa tana shawagi a kusa da maɓallin da kai ka san shi ne, ta wuce shi sau uku, zuciyarka tana ce maka ka nuna masa. Idan ka nuna, ka ɓata gwajin, tunda ranar da zai yi na gaske ba ka nan. Baki yana iya yin kara, yatsa ba ta yi.

Sai batun tsada, wanda shi ne ƙashin bayan maƙalar. Ina so in tambayi Injiniya: lokacin da ya gina gidansa, magini ya zo ne kawai ya hau haƙa? Kowa ya san yadda ake yi. A kafa turaku, a ja igiya, a zana ɗakuna a ƙasa da toka ko farar ƙasa. Maigida ya zo ya taka, uwargida ma a kawo ta ta taka. Ita ce za ta ce kicin ya yi nisa da rijiya, ko ƙofar ɗakinta ta kalli zaure har baƙo yana iya hango ciki. Magini ya sa ƙafa ya share layin toka ya ja wani. Nawa aka kashe? Ko sisi. Amma a bari sai an kai linta sannan ta faɗa, sai guduma ta yi aiki, buhunan siminti sun tafi a banza, kuma da wuya a rabu lafiya da maginin. Ban taɓa jin wanda ya kira zanen toka almubazzarancin Turawa ba. Haka kuma na tabbata Injiniya ba zai ba da shaddarsa ta Sallah ga telan da ya ce ya shekara talatin yana ɗinki, don haka ba ya bukatar awo.

Zanen tokar shafin intanet takarda ce da biro. Ka zana fuskar waya a kan takarda, kowace fuska da takardarta: nan za a rubuta suna, nan maɓallin ci gaba, nan jerin jihohi. Mutum ya taɓa da yatsa kamar waya ce, kai kuma ka zama kwamfutar, ka janye wannan takarda ka ajiye masa ta gaba. Idan ya rikice, ka soke da biro ka sake zanawa a gabansa. Akwai manhajoji irin su Figma da ke yin wannan a kan allo har ya yi kama da shafin gaske, amma ba dole ba ne, kuma takarda ma tana da wata fa'ida: mutum ya fi sakin jiki ya kushe zanen biro, domin ya ga ba a sha wahala a kansa ba. Jeff Hawkins, wanda ya ƙirƙiro Palm Pilot, 'yar kwamfutar aljihu da ta fito a 1996 ta yi tashe kafin zamanin manyan wayoyi, guntun katako ya yanka daidai aljihun rigarsa ya riƙa yawo da shi. Idan aka ce masa a haɗu ranar kaza, sai ya zaro katakon ya yi kamar yana duba jadawalinsa, da tsinken cin abinci a matsayin alƙalami. Da haka ya gane abin da zai riƙa bukata kullum da abin da ado ne kawai. Katako fa, ba dala miliyan ba.

Mutum nawa za a gwada da su? Nan ma Injiniya ya zuzuta abin, ya kawo hoton ɗakin bincike mai madubi da kyamarori da ɗaruruwan mutane. Jakob Nielsen, ɗan ƙasar Denmak da ya yi suna a wannan fage, shi da Tom Landauer sun yi lissafi a 1993, ya kuma sake bayyana shi a 2000, cewa mutum biyar sukan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da shafi. Masana sun yi ta jayayya a kan adadin, kuma shi kansa ya ce idan masu amfanin iri-iri ne sai a ɗebo daga kowane iri. Amma abin da yake nufi a fili yake: gara ka gwada da biyar, ka gyara, ka sake biyar, ka gyara, da ka tara goma sha biyar a zama ɗaya. Duk wanda ya taɓa yi ya san haka ne. Kafin mutum na huɗu ya zauna ka riga ka san inda zai faɗi, domin ukun farko duk a nan suka faɗi. Mutum biyar, yini guda, kuɗin lemo da na mota. Wace kwangila ce ta yi ƙanƙantar da ba za ta ɗauki wannan ba?

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na kasa yin shiru. Bara na zauna da 'yar yayata muna cike mata fom ɗin shiga wata makaranta. Shafin ya yi kyau, ba ƙarya: hoton ƙofar makaranta yana juyawa, ga shugaban makaranta yana murmushi, ga launuka. Muka cike komai, muka danna aikawa, sai jan rubutu cikin Turanci cewa an sami kuskure. Wane kuskure? A ina? Bai ce ba. Ya kuma share duk abin da muka rubuta. Muka sake, ya sake. Muka ce ko sabis ne, muka bari sai dare. Kwana uku muna wannan, data tana ƙonewa, ranar rufewa tana matsowa, yarinya ta fara kuka tana cewa ƙila ba rabonta. A rana ta huɗu ta hau mota zuwa kafe. Yaron kafe bai ko ɗaga kai ba, ya ce, “Sunanki akwai 'yar alamar nan ta sama ko? Cire ta za a yi.” Hamzar da ke cikin sunanta ce shafin ba ya karɓa. Aka cire, fom ya wuce. Da aka zo tantancewa kuma wani jami'i ya ce sunan da ke fom bai yi daidai da na takardar sakamakonta ba, sai da aka je kotu aka yo takardar rantsuwa.

Ka duba fa. Makaranta a ƙasar Hausa, inda kowane aji akwai Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il da Rabi'u da Asma'u. Da wanda ya gina shafin ya tsayar da ɗalibai biyar a bakin ƙofa ya ce su rubuta sunansu, da kafin azahar ya gano wannan. Gyaransa kuma ba zai ci minti goma ba.

Irin wannan ba ɗaya ba ne, ba biyu ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sau nawa suka koma alamar tambaya ko ɗan akwati a kan takardar da aka buga, Ɗanjuma ya zama abin da ba ya karantuwa? Ga akwatin da ke neman sunan iyali irin na Turawa, alhali mu sunan mutum ne da na mahaifinsa, wani ya ƙara da na kaka, wani da na garinsu. Yau ya sa wannan a akwatin, gobe a wani fom ya sa wancan, shekara biyar baya banki ya ce ba mutum ɗaya ba ne. Ga akwatin adireshi da ya dage sai lambar gida da sunan titi, ga mutumin da duk duniya ta san gidansa yana bayan masallacin Juma'a, kusa da mai nika. Ga ranar haihuwa da aka ce dole, ga dattijon da abin da ya sani shi ne an haife shi shekarar da aka yi fara. Shi ya sa ɗaya ga Janairu ta zama ranar haihuwar rabin ƙauye. Ga adireshin imel da aka wajabta wa wanda lambar waya kaɗai gare shi. Duk waɗannan an kwafo su ne daga fom ɗin da aka yi wa wasu mutane a wata ƙasa, kuma su can sun gwada shi da nasu mutanen. Wato Injiniya ya juya maganar. Mu da muke aro kayan da aka ɗinka da awon wani, mu muka fi kowa bukatar gwaji.

Kuɗin da Injiniya yake cewa an tsimi ta hanyar ƙin gwaji, ba ɓacewa ya yi ba. Wani ne ya biya. 'Yar yayata ta biya, da data da kuɗin mota da kuɗin kafe da na kotu da hawaye. Ka ninka ta sau dubban masu neman shiga. Ka je kowane gari lokacin rajistar jarrabawa ko ɗaukar aiki ka ga layi a ƙofar kafe, mutane riƙe da wayoyin da suka isa su yi aikin, amma sun zo su biya wani ya danna musu. Ba ina ƙyashin yaran kafe ba ne, Allah ya sa wa nemansu albarka, sun fi wasu masu digiri sanin inda shafukanmu ke ciwo. Amma dubi abin da ke biyo baya: lambar wayar yaron kafe ce a fom, imel ɗinsa ne, lambar sirrin ma shi ya zaɓa. Ranar da saƙo mai muhimmanci ya zo, wayarsa zai shiga, shi kuma ƙila ya koma wani gari. Shafin da ya tilasta wa mutum miƙa sirrinsa ga baƙo, wane tsaro ya rage masa?

Kada a ce ƙarancin kuɗinmu ne. A ranar 1 ga Oktoba, 2013, gwamnatin Obama ta buɗe HealthCare.gov, shafin sayen inshorar lafiya, bayan an kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli. Takardun da majalisar dokokin Amurka ta fitar daga baya sun nuna mutum shida ne kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Shida, a ƙasar da ta haifi intanet. Matsalolin na'ura sun yi yawa, ban musa ba. Amma akwai shawara guda da ta ƙara dagula lamarin: an hana mutum ya leƙa ya ga farashi sai ya buɗe asusu tukuna. Kamar a ce ba ka shiga Kantin Kwari ka taya atamfa sai ka yanki kati a ƙofa guda. Miliyoyin da suka zo kallo kawai suka cushe a ƙofar tare da masu saye. 'Yan kwangilar da kansu sun shaida wa majalisa cewa sai a makonni biyu na ƙarshe aka gwada tsarin daga farko zuwa ƙarshe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A daidai wannan zamani Birtaniya ta bi wata hanyar. Bayan rahoton da Martha Lane Fox ta miƙa wa gwamnati a 2010, wata 'yar ƙaramar tawaga ta gina samfurin gwaji na shafin gwamnati cikin kusan wata uku, ta sake shi a 2011 ta ce wa jama'a ga shi nan, bai kammala ba, ku taɓa ku faɗi aibinsa. Aka gyara, aka fitar da na biyu, aka sake gyarawa, sannan a Oktoba 2012 aka buɗe GOV.UK. Ƙa'idarsu ta farko ita ce a fara da bukatar mai amfani, ba bukatar gwamnati ba. Wanda ya buɗe shafin zai ce ba a yi masa kwalliya ba: baƙin rubutu a kan fari, manyan haruffa, gajerun jimloli, babu hoton minista yana yanka ƙyalle. Amma a 2013 shi ya ci kyautar zayyanar shekara ta gidan tarihin zayyana da ke Landan. Ina so masu ba da kwangilar shafuka a ma'aikatunmu su ji wannan da kyau, domin rabin laifin nasu ne. Sau da yawa mutum ɗaya ake gina wa shafin, shi ne mai sa hannu a takardar biya, kuma a kan babban allon ofishinsa mai intanet mai ƙarfi ake nuna masa. Shi ma gwaji ne, sai dai da wanda ba zai taɓa cike fom ɗin ba.

Saura tsohuwa da WhatsApp. Wannan hujja ta fi ba ni mamaki, domin tawa ce Injiniya ya ɗauka. Me ya sa Hajiya ta iya WhatsApp? Saboda ba a tambaye ta imel ba, ba a ce ta ƙirƙiro sunan shiga da kalmar sirri mai babban harafi da lamba da alama ba. Lambar wayarta kawai. Mutanenta kuma suna ciki tun kafin ta nema. Tun 2013 aka sa saƙon murya, ta danna ta riƙe ta yi magana, ba ruwanta da boko. Wannan sauƙi ba daga sama ya faɗo ba, aiki aka yi aka cire duk abin da zai tare ta. Kamfanin Facebook a 2015 har tsari ya fito da shi na ranar Talata, inda ma'aikaci zai yarda a rage masa ƙarfin intanet zuwa na 2G na awa guda, don ya ɗanɗani abin da mai waya a Indiya ko Afirka ke sha. A shekarar suka fitar da Facebook Lite, wadda nauyinta bai kai megabait ɗaya ba. Google kuma a 2016 ya ba da rahoton cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna juyawa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Hajiya ba shafi ta koya ba. Masu shafin ne suka koye ta. Cewa kuma za ta iya idan ta matsu, ai mun ga matsuwa a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira. Mutane sun matsu iyakar matsuwa. Da yawa ba su koyi manhajar da ta gagare su ba. Wasu suka koma wadda ta fi sauƙi, wasu suka miƙa wa mai POS kati da lambar sirri suka ce ya cire musu.

Akwai ma abin da gwaji ke yi wanda ya wuce gyaran maɓalli. A Kenya, lokacin da aka fara gwada M-Pesa a 2005 tare da wata cibiyar ba da ƙananan rance mai suna Faulu, manufar ita ce masu bashi su riƙa biya ta waya. Da aka duba yadda 'yan ɗaruruwan mutanen gwajin ke amfani da ita, sai aka ga suna abin da ba a sa su ba: wannan ya tura wa abokin cinikinsa kuɗi, wancan ya zuba cinikin yini a ciki don kada ya kwana da tsaba, wani ya aika wa 'yan'uwa a ƙauye. Masu aikin suka bi sawun mutanen suka sauya akala, kamfanin Safaricom ya fitar da ita a Maris 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Gwanaye ne suka tsara ta, kuma abin da suka tsara ba shi ne ya yi nasara ba.

Ban ce Injiniya bai faɗi gaskiya ko ɗaya ba. Ya yi daidai da ya ce akwai masu fakewa da bincike su cinye kuɗin aiki, su kawo rahoto mai shafi sittin da zane-zane, shafin kuwa ko alamarsa babu. Ya yi daidai da ya ce ba duk abin da ya ba mutum wahala ake cirewa ba; tambayar da banki ke yi kafin kuɗi ya fita, ko ta ɓata rai, tana da dalili. Kuma gwaji ba ya zana shafi. Mutum biyar za su nuna maka inda ke yoyo, amma ba su za su hau rufin ba. Nan ne ake bukatar gwani, nan ne shekarun Injiniya ke da daraja. Abin da na ƙi shi ne a ce gwanin ya hau rufi bai tambayi mai ɗaki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yaran da ke karanta shi. Matashi ya gama koyon rubuta manhaja, ya ji babba a sana'a ya ce mai amfani bai san komai ba, sai ya riƙe. Gobe idan tsoho ya kasa cike fom ɗinsa, ba zai ce ina na yi kuskure ba, zai ce mutanen nan ba su waye ba. Tsohon kuma zai yarda, ya ce mu boko ya wuce mu, ya koma gefe da kunya a kan laifin da ba nasa ba.

Don haka ga goron gayyata, Injiniya. Ka zaɓi shafi ɗaya cikin waɗanda ka gina, wanda ka fi alfahari da shi. Ranar Asabar mu je bakin kasuwa da ƙaramar waya irin ta dubu kaɗan, da layin da ba shi da ƙarfi. Mu nemi mutum biyar: ɗan kasuwa ɗaya, ɗaliba ɗaya, mai Keke Napep ɗaya, uwa ɗaya, da dattijon da idonsa ya fara rauni. Kuɗin lemo da na data ni zan biya. Sharaɗi ɗaya ne: daga lokacin da ka miƙa wayar, hannunka a aljihu, bakinka a rufe. Idan biyar ɗin suka gama ba wanda ya tsaya, zan dawo wannan fili in janye maganata da sunana a ƙasa. Idan kuwa aka sami akasi, fitowa ta gaba taka ce, ka ba masu karatu labarin abin da ka gani.